Ƙarfen Da Ke Ƙarƙashin Kujerar Dama

Akokan, gefen Arlit, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka shiga Agadas da ƙafar dama, ya tsare ka a kan hanya da cikin gari. Innarku tana gaishe ka. Matarka Rakiya ma tana gaishe ka, tana nan lafiya, sai nauyin ciki da ya fara hana ta sunkuyo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a aljihunka. A waya kai dariya kake yi, kana "to Baba, to Baba," ni kuma sai maganar ta kuɓuce mini. Wannan kuwa ba wadda zan bari ta kuɓuce ba ce.

Ran Juma'a ka gaya mini ka kai tsohuwar motarmu kat-kat wurin tolye, mai gyaran jikin mota, za ka canja ƙofofi biyu da kapo, wato murfin inji, da fiffiken gaba, don masu garka na Tabelot su ga mota mai kyau su ba ka ɗaukar albasarsu. Ka ce ka ja masa kunne kada ya taɓa farantin ƙarfen da ke ƙasan motar, ƙarƙashin kujerar dama, wai aikin hannun Baba ne, ya fi ƙarfin tsatsa. Ka ce kuma in an gama za ka zo ka ɗauki Rakiya a cikinta. Laminu, kada ka ɗauke ta. Farantin nan daga tarkacen mahaƙar uranium ya fito. Ran Asabar na sa aka gwada ragowarsa da ke nan gida, kuma ba shi da tsabta. Shi za ka fara cirewa, kafin ƙofa, kafin kapo, kafin komai. Na san halinka, ba ka karɓar umarni sai ka ji dalili, a wurina ka gada. To nemi inuwa ka zauna ka ji yadda aka yi ya shiga motar, don ba kuskure ɗaya ne ya kai ni gare shi ba, kuma duk irinsu suna jiran ka a wurin masu sayar da kayan mota.

Ranar da na sayi motar nan kana goye a bayan Innarku. Daga Kwatano aka hauro da ita, fara fat, sai walƙiya take yi. Na duba inji, na duba taya, na kwanta a ƙasa na ƙwanƙwasa shasi, na yi wa mai sayarwa tambayoyi har ya gaji ya ce, "Malam, sayenta za ka yi ko aurenta?" Abu ɗaya ne ban tambaya ba, a ina ta yi zamanta kafin ta zo hannunsa. Ba a yi shekara ba fenti ya fara kumbura a gindin ƙofar baya. Na sa farce na ɓantare, sai ga tsatsa ja wur. Abin ya ɗaure mini kai. A Arlit? Garin da hadari ke leƙo mu ya wuce, garin da za ka yar da gwangwani a rairayi ka dawo bayan shekaru ka same shi yadda ka bar shi? Daga ina tsatsar ta samu ruwan sha?

Na kai ta wurin Agali, wani maƙeri ɗan Abzin da ya koma gyaran jikin mota a bayan tasha. Ba lalle ka tuna shi ba, kana ƙarami ya daina zuwa gidanmu. Ya ɗauko maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya naɗe shi a tsumma, ya riƙa jan shi a jikin ƙofar. A sama ya kama ƙam. Da ya sauko ƙasa sai ya faɗi tim. Ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce da Hausarsa, "Abdu, nan ba ƙarfe, mastik ne, ƙwaɓi na cike rami. Mota nan ya zauna bakin teku, ya sha iska mai gishiri. Tsatsa ya zo da shi a ciki. Kai fenti ka saya."

Saboda haka in ka je wurin masu sayar da sassan motocin da suka mutu, ka tafi da maganaɗisu a aljihu. Kada kyan fenti ya ruɗe ka. Ka buɗe ƙofar ka leƙa gindinta ta ciki, inda ƙarfe biyu suka haɗu, nan tsatsa ke fara kwana. Ka tambayi inda motar ta tsufa. Ƙofar motar da ta tsufa a hamada mummuna ce, rairayi ya goge fentinta ta yi furu-furu, amma ƙarfenta lafiyayye ne. Ita za ka ɗauka, fenti kuwa kwana ɗaya ne.

Agali ya samo mini irin wannan ƙofa, na ce shi ke nan na huta. Ina! Bayan shekara biyu tsatsa ta dawo, kuma ga abin mamaki, ɓangaren dama kaɗai take ci. Hagu lafiya lau. Mota ɗaya, rana ɗaya ke dukansu, hanya ɗaya suke bi, me dama ta yi wa tsatsa da hagu ba ta yi ba? Na hana kaina sakat. Na yanko guntayen tol, wato ƙarfen jikin mota, guda uku, na binne ɗaya a rairayi, na riƙa yayyafa wa na biyu ruwan famfo, na ukun kuma ruwan gishiri, na jera su a bayan ɗaki ina leƙawa kowace safiya kafin in karya kumallo. Innarku ta ce, "Malam, mutane na kiwon tumaki, kai ka koma kiwon gwangwani? In sun haihu a ba ni ɗaya." Cikin mako uku na gishirin ya yi jajawur, na famfo ya ɗan yi, na rairayi ko gezau.

Daga nan na gane ni da hannuna nake ba motar ruwa. Kamar kowane direban daji, a ƙofar dama nake rataye salka don iskar tafiya ta sanyaya ruwan. Salka kuwa ba ta daina naso, ɗis-ɗis yini guda, ruwan yana bin ƙofa yana gangarawa ƙarƙashin tabarmar roba. A lokacin kuma ina ɗauko gishiri daga Tegidda, garinsa yana zubewa ko'ina. Da na ɗaga tabarmar na tarar da rairayi mai danshi ya yi kauri, ya toshe 'yan ramukan da aka yi don ruwa ya fita. Wallahi daɗi na ji a ranar, kamar na tsinci wani abu, har na manta ƙasan motata ne ke ruɓewa. Kai dai ka rataye salkarka a ƙarfen kaya na sama, nesa da jikin mota. Ka riƙa ɗaga tabarma duk mako, ka soka ramukan nan da waya. Sabuwar ƙofa ma in ka ba ta abin da na ba tsohuwa, haka za ta yi maka.

Fiffiken gaba na dama, wato ƙarfen da ke rufe saman taya, shi ya fara mutuwa. Agali ya ce in jira ya samo mini na tsohuwar mota. Ni kuwa na ga sabo dal a wani shago, cikin kwali, baƙi sumul. Da na ɗaga shi na ji ba nauyi, na ce ai ci gaba ke nan, yanzu an iya ƙarfe marar nauyi. Da muka zo ɗaurawa ramukan kusoshi ba su hau kan juna ba, kusan faɗin yatsa ne tsakaninsu. Ashe motocin nan kamarsu ɗaya a ido amma kowace shekara da nata awon, ga shi kuma ba na asali ba ne, kwaikwayo ne. Agali ya ce a mayar. Na ce haba, a kan faɗin yatsa? Na danna, na ja, na tilasta shi ya zauna.

Ya zauna har wata huɗu. Rannan muna hanyar Iferwan da fasinja bakwai, cikin gargadar nan mai kaɗa haƙora, sai na ji ƙarar yagewa, mota ta fizge dama. Fiffiken ya tsage daga wurin kusoshin da na tilasta, ya lanƙwaso ya yanka taya kamar wuƙa. Na sa tayar ajiya, ita ma ba ta yi nisa ba dutse ya fasa ta. Muka yini a gindin wata ƙaya da rabin bido, wato jarka, na ruwa, har da wata tsohuwa mai tari. Ba ta zage ni ba, kallona kawai take yi, kuma na fi son a ce zagina ta yi. Allah ya kawo wata babbar mota kafin la'asar. In za ka sayi sabo, ka tafi da tsohon da ka cire, ka ɗaga wannan a hannun dama wancan a hagu ka ji bambancin nauyi. Ka gwada shi a jikin motar kafin a shafa masa fenti. In rami bai hau kan rami ba, ka mayar, ko da mai shagon zai ɓata rai. Ƙarfen da aka tilasta yana jira ne sai an yi nisa da gari.

Wannan tsoron ne ya kai ni ga babban kuskuren. Daga ranar na tsani ƙarfe marar kauri. Ana nan sai ƙasan motar ya huje daga gaban kujerar dama zuwa ƙarƙashinta, har takalmin wani fasinja ya faɗa ta ramin muna tafiya, muka tsaya ya koma da ƙafa ɗaya yana nema. Na shiga wurin masu tarkacen ƙarfe a Arlit ina neman abin da ba zai sake ba ni kunya ba. Can na gan shi jingine, faranti mai kauri, launin toka, ko ɗigon tsatsa babu, sai wani busasshen abu rawaya-rawaya da ya kama gefe ɗaya. Na ƙwanƙwasa, ya amsa da murya mai daɗi. Ban tambayi mai sayarwa daga ina ya fito ba. A garin nan kowa ya san inda ƙarfe mai kauri irin wannan ke fitowa, kuma kowa na ɗauka, wani ya yi ƙofar gida, wani ya yi murfin rijiya.

Na kai wa Agali ina murna. Ya tsuguna ya dube shi, bai sa hannu ba. Ya ce, "Abdu, ƙarfe nan daga ina?"

Na ce, "Daga kasuwa mana."

Ya ce, "Kafin kasuwa?"

Na ce, "Kai maƙeri ne ko alƙali?"

Ya ce, "Ubana ya ce mini, ƙarfe da ba ka san gidansu ba, kar ka sa shi inda mutum ke zama. Ni ba na liƙa shi."

Raina ya ɓaci. Na gaya masa maganar da ba ta dace ba, na ce tsoron ƙarfe mai kauri yake yi don wutarsa ba ta da ƙarfi. Na ari injin liƙi a wani garaji, na raba farantin biyu, na liƙa rabi a motar da hannuna na shafa masa fenti, rabin kuma na kawo gida na yi wa garken awakin Innarku ƙofa. Daga ranar muka koma gaisuwa daga nesa ni da Agali. Farantin kuwa bai taɓa tsatsa ba, ni kuma ban taɓa gajiya da nuna shi ba. Kai shaida ne, duk baƙon da ya shiga motar sai na ɗaga tabarma na ce ya ƙwanƙwasa ya ji.

Ga abin da ba ka sani ba. Bayan wasu shekaru magana ta bazu a gari cewa wasu ƙarafan da suka fito daga mahaƙa suna ɗauke da ragowar abin da ake haƙowa, wanda ba a gani, ba a jin warinsa, amma yana ratsa jikin mutum. Har wasu suka riƙa zagayawa unguwa da ɗan akwatin awo suna gwadawa. Ranar da suka shigo layinmu na tada motar na tafi Agadas ba tare da fasinja ko ɗaya ba. Ni da na kiwata gwangwani mako uku don in san dalilin tsatsa, ni da ke tsayar da mota a daji don in ga abin da ƙwaro ke ja, na gudu daga tambaya ɗaya. Tsoro na ji, Laminu. Na ji tsoron a ce Agali ne ke da gaskiya, na kuma ji tsoron abin da zan gaya wa Innarku, wadda ta fi kowa zama a kujerar nan. Na ce wa kaina ai babu wanda ya yi ciwo, na rufe maganar.

Wayarka ta ran Juma'a ce ta buɗe ta. Da ka ce za ka zaunar da Rakiya a kujerar tun daga nan har Agadas, sai na ji tuwon da ke gabana ya fita raina. Da safe na je wurin maƙwabcinmu Malam Sidi, wanda ya yi aikin kula da lafiyar ma'aikata kafin a rufe ramin haƙar uranium na Akokan. Ya aro akwatin awon ya zo. A tsakar gida akwatin yana ɗan ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas. Da ya kusantar da shi ga ƙofar garken, wajen rawayan nan, sai ya kama ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, kamar ana soya gero a kasko.

Ka san ubanka, ko a nan bakina bai mutu ba. Na ce in aka wanke fa? Ya ce ya riga ya kama jikin ƙarfen. Na ce fentin da na shafa bai tare shi ba? Ya ce fenti ƙura yake tarewa, ba ya tare sauran. Na ce shekarun nan duka bai huce ba? Ya yi murmushi ya ce, "Abdu, shekarunka da nawa da na jikokinmu in an haɗa ba su ishe shi hucewa ba." Sai na yi tambayar da na guje wa tun farko, na ce to me ya yi mana? Ya ce, "Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Mai yiwuwa bai yi komai ba. Ba abu ne mai kisa a yini ɗaya ba. Amma mai ciki ba ta zama a kansa, wannan kam na sani." Ya sa muka naɗe rabin a leda mai kauri, ya ce shi zai kai shi inda ake tara irinsu.

To ga abin da za ka yi. Ka gaya wa tolyenka gaskiya tun farko, kada ka bar shi ya shiga aikin da bai san mene ne ba. Kada a sa injin yanka a jikin farantin kansa, ƙurarsa ce ta fi muni in an shaƙa. A yanka ta kewayensa, cikin tsohon ƙarfen motar, a cire shi ɗungurum, kowa da tsumma a hanci, a wanke hannu kafin a ci abinci. A madadinsa ka nemi ƙasan tsohuwar mota irin tamu da ta mutu a hamada. In hakan ya cinye abin da ka tanada na ƙofa da kapo, su jira, albasa ba ta duba fenti. Kuma don Allah kada ka sayar da shi, kada ka yar a bola. Kafin rana ta faɗi wani zai tsince shi ya ji daɗin kaurinsa ya kai gidansa. Ka naɗe shi ka ajiye inda ba a zama, Malam Sidi zai gaya maka ta waya wanda za ka miƙa wa. Rakiya kuwa ni zan sako ta a motar fasinja tare da Innarku idan ka shirya musu wuri.

Na gaya wa Innarku komai, har da tafiyata Agadas ba fasinja. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Na san ranar. Na ce a raina wane irin direba ne ke tafiya da mota wayam." Ta ƙara da cewa, "Ni na riga na zauna, Malam. Je ka nemi Agali."

Na je jiya. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari, ya bar garajin sai 'yan wuƙaƙe da yake ƙerawa a ƙofar gida. Na tsuguna a gabansa na faɗa masa, ina jiran ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya zuba mini shayi, ya tambaye ni wata nawa ne cikin. Na ce bakwai. Ya ajiye butar ya ce, "Yaran Agadas ba su san inda ka liƙa ba, za su yanka tsakiya. Ni na ga rami nan kafin ka rufe shi, na san iyakarsa. Rubuta takarda, ni zan kai."

Saboda haka dattijon da ya miƙa maka takardar nan shi ne Agali. Ka karɓi jakarsa, ka ba shi ruwa, ka ba shi shimfiɗarka. Inda ya ja layi da alli, nan za a yanka, kada ka yi masa gardama ko ta faɗin yatsa. Na ji daɗi da ka so aikin hannuna har ka hana a taɓa shi, wallahi na ji daɗi, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ka cire shi, ɗana. In wata rana za ka ba jikana labarin farantin kakansa, ka ba shi duka, har da ranar da na gudu.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya tsare wanda ka ɗauka da wanda ka bari a gida. Allah ya sauki Rakiya lafiya, ya dawo mana da Agali lafiya, ya yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba. Ka kira ni da zarar an cire shi, ina zaune kusa da waya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abdu.